Tulun Mama Jemimah

Duk matar da ta taɓa ɗaura zanen zumuntar mata a cocinmu na Samaru ta san Mama Jemimah. Ita ke buga tulu, ita ke ɗaga waƙa, sauran mata su amsa. In ba ta buɗe baki ba, to jana'iza ba ta fara ba.

Mijinta Shekari makaniki ne a Chikaji, mutumin kirki, sai dai burukutu ta fi ƙarfinsa. Dattawan coci suka sa shi horo, wato zaman bencin baya, yana kan bencin nan mutuwa ta ɗauke shi. Malam Japheth, tsohon malamin Turanci kuma babban dattijonmu, ya ce wanda ya mutu cikin horo gawarsa ba ta shiga coci, waƙa ma babu. Aka ajiye akwatin a gindin darbejiya, a waje.

Jemimah ta durƙusa gabansa. "Baba, ko baiti ɗaya ka bar ni in yi masa." Ya ƙi. Ta sake roƙo, ta kama ƙafarsa. Shi kuwa in ransa ya ɓaci Hausa guduwa take yi daga bakinsa. Ya daka mata tsawa gaban jama'a: "Obstinate! Callous woman!" Ina wajen, har yau in na tuna raina tafasa yake yi.

Ba ta jin Turanci, amma ta riƙe kalmomin nan biyu daram. Ta kai su wurin wata ɗalibar jami'a mai haya a gidanta na Bomo. Ɗalibar ta ce ta farko taurin kai ce, ta biyu ƙeƙasasshiyar zuciya. Jemimah ta gyaɗa kai. "Ta farkon tawa ce, na karɓa. Ta biyun zan ajiye masa."

Shekaru suka shuɗe tana gaishe shi da ladabi duk Lahadi, har muka ɗauka ta huce. Ashe ba mu san ta ba.

Bara ciwo ya kwantar da Malam Japheth, ya aika aka kira ta.

"Jemimah, ranar da za a kai ni, muryarki nake so."

"Baba, zan zo da tuluna," in ji ta. Ya ji daɗi, bawan Allah.

Bai daɗe ba ya rasu. Ranar jana'izar coci ya cika maƙil, har da tsofaffin ɗalibansa daga Muchia. Akwati na gaba, mata sun jeru cikin zanensu suna jiran a ɗaga waƙa. Babu Jemimah a cikinsu. Fasto ya fara waige-waige.

Sai ƙarar tulu ta taso daga waje. Jemimah ce zaune a gindin darbejiyar nan, tana rera waƙar ban kwana, duk inda ake sa sunan mamaci ta sa Shekari. Wata tsohuwa ta miƙe ta fita, wata ta bi ta. Ni ma na fita, kuma ban ji kunya ba. Muka amsa mata har ƙarshe, 'ya'yan Malam Japheth na ciki su da akwatin ubansu.

Da ta gama fasto ya leƙo, idonsa ja wur. "Mama, don Allah, ko baiti ɗaya."

Ta dube shi, ta ɗaga tulunta ta ɗora a ka, ta kama hanyar Bomo.