Wasiƙar da ta Tsaya a Adre

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. A Riyad ne, tsakanin 2013 da 2015, lokacin ina direba a gidan wani dattijo Balarabe a unguwar Malaz. Shi ne kafilina, wato da sunansa aka yi mini iƙama, takardar zaman ƙasar, in ya ce na zauna na zauna, in ya ce na tafi ko takalmina ba zan tsaya nema ba. Ammi nake ce masa, wato baffana da Larabci. Ba mugu ba ne, amma akwai faɗa.

Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, da ya yi ritaya sai ya kama tara tsofaffin ambulan. Ni da farko dariya abin yake ba ni, mutum da jikokinsa ya zauna yana shafa takardun da ko ƙosai ba za a naɗe a ciki ba. Kuma ba kan sarki ne ya dame shi ba, hatimin da ake bugawa a kai yake bi, musamman na garuruwan kan iyaka. Shi ya koya mini cewa a da duk garin da wasiƙa ta ratsa sai ma'aikacin wurin ya juya bayanta ya buga hatimin garinsu, to in ka iya karatun bayan ambulan za ka ga hanyar da ta bi zango-zango. Kowace yana da ɗan kati da ya rubuta mata da hannunsa, daga ina, hatimi nawa, me ke ciki. Ciwon suga ya taɓa masa ido, don haka bayan na kai yara makaranta na dawo, ni nake shiga ɗakin da yake ajiye su in riƙa ɗauko masa su da hantsaki ina jerawa a kundi. Doka ɗaya ce, ba a shiga da waya. Wanda ya riga ni aikin, hoton shafi ɗaya ya ɗauka, a satin aka buga masa huruju, fita ba dawowa.

Wata ranar Talata da hantsi ya miƙo mini wata ambulan ruwan ƙasa da ya sayo a gwanjo, kan sarkin Sudan ne a kanta mai raƙumi. Ya ce daga Janaina ta taso, garin da ke bakin iyakar Sudan da Cadi inda mahajjatanmu na ƙafa suke yada zango, a bayanta kuma hatimi ɗaya ne tak, na Adre, garin farko in ka tsallaka zuwa Cadi. Daga nan ba ta ƙara gaba ba, shekara sittin da wani abu.

"Akwai takarda a ciki," in ji shi. "Baƙaƙenmu ne amma ba harshenmu ba. Duba mini, ya waladi, ko naku ne."

Ina buɗewa na ga ajami. Kafin in kai ga karatu idona ya faɗa kan adireshin, sai na sake dubawa, domin wani ƙauye ne kusa da Maigatari, ba zan faɗi sunansa ba, kuma can Gwaggona Ladidi take aure. Ni mutumin Gumel ne. An rubuta a ba Liman, ya ba Hajara matar Mamman. Abin da ke ciki ban manta ko harafi ba. Mamman ne yake cewa ciwo ya kama shi a hanya, ba ya jin zai tashi, a gaya wa jama'a cikin da ya bar Hajara da shi nasa ne, ƙazafi ya yi mata don zafin zuciya da zugar mutane, ta yafe masa, in an haifi namiji ɗansa ne a ba shi gonarsa. Ga sunayen shaidu biyu a ƙasa. Layin ƙarshe kuwa cewa ya yi, duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa amana ce a wuyansa har ya isar.

Ammi ya ce, "Me ta ce?"

To a nan na tafka wautar da har gobe nake cizon yatsa a kanta. Kunya ce ta kama ni. Na ga yaya zan zauna gaban Balarabe ina fassara masa maganar cikin shege a garinmu, mutanen da dama kallon da wasunsu ke yi mana ya ishe mu? Mu an raine mu a kan rufin asiri, ba a buɗe cikin gida a gaban baƙo. Sai na ji bakina ya ce, "Gaisuwa ce kawai, Ammi." Ya ɗauki katinsa ya rubuta: hatimi ɗaya a baya, gaisuwa. Shi ke nan na ɗaure kaina da igiyar da na tufka.

Da yamma na kira Gwaggo, na yi ta kewaye-kewaye kafin na tambaye ta ko ta san wata Hajara matar Mamman. Ta ce, "Iya Hajara? Tana nan da ranta, sai dai ta kwanta, ido ma ya tafi. Ina ka san ta?" Sai ta ba ni labari, wai ɗanta ɗaya, Malam Sale, ya haura sittin, ya fi kowa karatu a ƙauyen amma ko sau ɗaya ba a taɓa barinsa ya ja salla ba, da ya tashi aure sai da ya je can cikin Nijar aka ba shi mata, gonar uban kuma dangi suka rabe. Ita kuwa tun daga ranar ba ta ƙara aure ba, kullum maganarta ɗaya, Mamman zai aiko. Na gaya wa Gwaggo abin da na gani. Ta yi salati, sannan ta ce, "Kai yaro, wannan ba maganar baki ba ce. Ka faɗa a waya su ce an saye ka. Takardar za ka kawo a ga hannunsa da shaidunsa, kuma ka yi sauri, matar nan yau ko gobe ce."

Sauri fa ta ce. Amma ta yaya? In koma wa Ammi in ce ƙarya na yi masa, alhali saura wata uku a sabunta mini iƙama, ga iyali a gida da ni suka dogara? Na ce wa raina bari a sabunta tukuna, abin da ya jira shekara sittin ai ba zai gaza jiran wata uku ba.

Bayan kamar sati biyu ina gyara kundin, rana tsaka, ga hasken taga, na juya ambulan ɗin. Wallahi tallahi hatimi biyu na gani a bayanta. Na Adre yana nan yadda yake, a gefensa kuma ga wani, Abeshe. Na duba katin Ammi, na sake dubawa, na ce ko dama yana nan idona ne bai kula ba. Na mayar na rufe, amma ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Sati biyu kuma sai ga Fort Lami. Ku lura, sunan nan an daina kiran Injamena da shi tun kafin a haife ni, wa ke da wannan hatimi yanzu? Ɗakin a kulle yake, mabuɗi a aljihun Ammi, ba mai shiga sai ni da shi. Wurin kwanan wata duk a dushe, amma sunan gari raɗau. Daga nan Dikwa. Daga nan Maiduguri. Kai jama'a! Wasiƙa tana kwance cikin leda a Malaz, amma tana tafiya yamma, tana bin hanyar da ya kamata ta bi tun farko, ni kuma da aka ɗora wa amana ina zaune ina ƙirga kwanakin iƙama. Na rame, na daina zama hira da 'yan uwa a unguwar Suwaidi ranar Juma'a, sau biyu na kusa buga wa mota ta baya a titi. Kullum zan shirya maganar da zan yi wa Ammi, in na ga fuskarsa sai ta maƙale. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba, tsoron ambulan da tsoron tsoho, kuma na tsohon ya fi ƙarfi.

Ranar da na ga hatimin Gumel, garinmu, sai na ƙirga abin da ya rage. Saura zango ɗaya ke nan. Duk da haka ban yi magana ba, domin jibi za a karɓo iƙamar.

An karɓo ta ranar Lahadi. Litinin da hantsi na shiga ɗakin da niyyar in faɗi komai, na ɗauko ambulan na juya, ga Maigatari, kuma da babban yatsana ya goge shi sai tawada ta biyo yatsan, ɗanya shar. Ban san lokacin da na durƙusa gaban Ammi ba, na kwashe duka na gaya masa, har ƙaryar. Ya ɗauki gilashinsa na ƙara girma ya daɗe a kan bayan ambulan ɗin, ya duba katin da ya rubuta da hannunsa, yana ta a'uzubillahi. Sannan ya ɗago.

"Wata uku? Ni shekara talatin ina raba wasiƙa, ban taɓa kwana da ta mutum a aljihuna ba. Da ka faɗa mini ranar, da ni zan saya maka tikiti. Ɗauki, shi ke nan, kai musu."

Na buɗe don in ciro takardar. Babu komai a ciki. Muka zazzage kundin, muka duba ƙarƙashin tebur, muka ɗaga darduma, babu ita babu dalilinta.

Na fita waje na ɗauki wayata, na tarar Gwaggo ta kira sau huɗu. Iya Hajara ta cika da safiyar nan. Gwaggo ta ce waɗanda ke kanta sun ga ta miƙa hannu kamar mai karɓar abu, ta rungume a ƙirji, ta ce, "Ya aiko. Ku kira Sale a karanta masa." Aka buɗe hannun ba a ga komai ba, aka ce magagin mutuwa ne.

Da na samu hutu na je ƙauyen da ambulan ɗin, don Ammi ya ce ba za ta ƙara kwana a gidansa ba. Na sami Malam Sale a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga, dattijo mai furfura, mai sanyin magana. Na karanta masa abin da ubansa ya rubuta daga ka, har sunayen shaidun. Ya saurara bai katse ni ba, hawaye na bin gemunsa. Ya juya ambulan ɗin, ya leƙa cikinta.

"Ina takardar, ɗana?"

Na ce ta ɓace.

"Kwana nawa ta yi a hannunka kafin ta ɓace?"

Na ce wata uku.

Ya miƙo mini ita, ya ce, "Na gode, ni na yarda da kai. Amma wa zan nuna wa wannan?" Ya koma kan igiyarsa. Bai zage ni ba, bai yi mini Allah ya isa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Bara ya rasu, har ya koma ga Allah a sahun baya yake salla.

Ban san wa ya buga hatiman nan ba, ban san ina takardar ta tafi ba, malamai biyu na tambaya kowa ya ce in yi ta istigfari. Abin da zan ce muku shi ne, in saƙon wani ya faɗo hannunku, ko na baki ne ko na takarda, ku isar a ranar, kada kunya ko tsoron wani ɗan Adam ya sa ku ce gobe. Ambulan ɗin tana nan a ƙasan akwatina, na kifa bayanta ƙasa. Ganina na ƙarshe da ita akwai sauran fili a kusurwa ɗaya, daidai wurin hatimi guda, kuma tun ranar da aka gaya mini rasuwar Malam Sale ban yarda na juya ta ba.