Ketura Mai Kaɗa Tulu

A cocinsu babu wanda bai san Mama Ketura ba, domin shekara ashirin ita ke kaɗa tulu in ana waƙa a Zumuntar Mata. 'Yar Biu ce, aure ya kawo ta Maiduguri. Da mijinta ya rasu, ta kama rumfa a kasuwar Gamboru tana sayar da shinkafar Zabarmari, da ita ta raini 'ya'ya huɗu.

Tana da shekara hamsin da uku jini ya dawo mata, alhali al'ada ta daɗe da ɗaukewa. Ta ɗauka gajiya ce. Ta sha jiƙe-jiƙe, ta sayi ƙwayoyi a kemis, abin bai tsaya ba. Daga baya wani ruwa mai wari ya fara zuba. Shi ya raba ta da coci, don tana tsoron mata su ji. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ƙafa ke damunta.

Falmata, maƙwabciyar rumfarta mai sayar da turaren wuta, ita ta gane akwai matsala. Ketura da a da take cewa hayaƙi na sa ta tari, yanzu kullum sai ta sayi turaren. Falmata ta tsare ta da tambaya har ta faɗa, tana kuka. Washegari ta sa ta a keke napep suka tafi asibiti.

Bayan gwaje-gwaje, likita ta ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta yi nisa. Ta ce da an duba ta da wuri, da an ga alamar tun kafin ta zama ciwo. Ketura ta tuna baya. Shekara uku da suka wuce ma'aikatan jinya sun zo cocinsu suna gwajin kyauta. Ita ta jera matan cocin a layi, sannan ta sulale kasuwa, don ba za ta iya buɗe jikinta gaban sa'o'in 'yarta ba.

Wata Lahadi ta daure ta je, ta tsaya gaban Zumunta ta faɗi komai, har warin. Mata tara suka je gwaji a makon. Wasu kuwa suka koma raɗa cewa ciwon matan banza ne, maganar ta dawo kunnenta.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne jikarta Serah, 'yar shekara goma sha ɗaya. An kawo makarantarsu allurar rigakafin cutar, amma mahaifinta Daniel, surukin Ketura, ya hana, wai ya ji tana hana haihuwa. Da ciwo ya kwantar da Ketura, ta sa aka kira shi bakin gadonta.

"Daniel, dube ni da kyau," ta ce. "Ba ji na yi ba, a jikina yake. Ka bari a yi wa yarinyar nan."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, zan yi tunani."

Ta rasu farkon damina, aka kai ta Biu. Bayan makoki 'yarta Agnes, mahaifiyar Serah, ta je aka duba ta, aka ga wata 'yar alama aka magance nan take. Serah kuwa har yau ba a yi mata allurar ba. Agnes ta ce duk sanda ta ɗauko zancen, sai Daniel ya tashi ya fita.