Amyar da Nababa Ya Ƙi Saukewa

Daga masallacin asuba Nababa ba ya komawa gida. Igiya a kafaɗa, doguwar ƙugiya a hannu, sai ya bi iyakokin gonaki yana ɗaga kai. Ya san wace ɗorawa ce ta fara fure, wace tsamiya ce ta isa kaɗawa, wace kuka ce aka tsige wa ganye har ta ji jiki. In ya gama zagaye ya biya gidan mai itacen ya yi sallama, ya ce taku ta nuna, ko ya ce a ƙara haƙuri. Haka na same shi da aka kawo ni ƙauyen nan na ƙasar Tsanyawa, haka kuma yake har bara, da jiri ya fara ɗibarsa a sama 'ya'yansa suka ɓoye igiyar.

Mu nan ba mu da daji, gona ce ta haɗu da gona. Dajinmu shi ne itatuwan da kakanni suka bari a tsakiyar gonaki, kuma kowanne da mai shi. Daga cikinsu mata suke samun kalwar daddawa, da garin ɗorawa, da kukar miya, da tsamiyar kunu. Amma mace ba ta hawa, maza kuwa da yawa tsoro suke ji. Nababa ne hannunmu a sama. Shi yake kaɗowa ya ɗauki kasonsa a cikin abin da ya sauko, shi kuma yake saƙa amya, gidan ƙudan zuma, ya shafe ta da kashin shanu ya turara ta ya rataya.

Kowa ya shaida ba ya kaɗa ɗanyar ɗorawa. Shekarun nan da hatsi ya yi tsada, mutane suka riƙa tsinke ta tun tana kore don gudun ɓarayi, shi ya ƙi. Ya ce kalwar da ba ta ƙosa ba ba ta daddawa, asara biyu ke nan. Sai ya ɗauko tabarmarsa ya riƙa wuni a gindin itatuwan tsofaffin mata yana saƙa, don dai a ga mutum a wurin. Yaya Kulu, yayar maigidana, ta ce ta taɓa kai masa fura a can, ya tambaye ta ko cin hanci ne. Ta ce masa wa zai ba gwaggon biri cin hanci da fura, ai sai ayaba. Ya ce to ta bar furar tukuna, kafin ayabar ta nuna.

Ni karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, abin da na riƙe a kai shi zan faɗa. Kuma gara in faɗa tun yanzu cewa akwai lokacin da ba na amsa gaisuwar mutumin nan.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba na kiran sunansa, amma don a gane, Dabo ake ce masa. Ƙafafunsa suka fara kumbura bayan an gama girbi. Aka kai shi asibiti a Kano, aka ce ƙoda ce, sai an riƙa yi masa wanki, kuma ba wankin da ake yi sau ɗaya a huta ba ne. Muka sayar da awaki. Muka sayar da geron da muka ce na damina ne. Ƙaninsa Usaini ya sayar da babur ɗinsa, wanda da shi yake cin abinci, ba wanda ya roƙe shi. Da komai ya ƙare sai ido ya koma kan ɗorawar gonarmu. Babba ce, mutum biyu ba sa rungume ta, kuma ita kaɗai ce abin da ya rage mai daraja. A lokacin masu gawayi suna yawo ƙauye-ƙauye da injin yanka itace, don girki ya gagari mutanen birni sai da gawayi. Usaini ya samo wani, ya zo ya zagaya ta, ya yi tayi. Da Usaini ya gaya wa yayansa, bai ce a'a ba, bai ce i ba, ya juya fuska bango. Ni na ce a sayar. Da bakina na faɗa, kuma ko yau aka mayar da ni ranar ina jin haka zan ce.

Ranar da mai injin ya dawo da mutanensa, sai suka tarar da amya a rataye can ƙololuwa.

Ga wanda bai sani ba, a wurinmu itacen da yake ɗauke da amyar wani ba a sa masa gatari sai mai amyar ya sauke ta da hannunsa. Ko mai itacen ba shi da ikon taɓa ta, tunda da yardarsa aka rataya, kuma yana da kasonsa in an sha zuma. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, duk tsawon shekarun nan Nababa bai taɓa rataya amya a ɗorawarmu ba. Kullum cewa yake ta yi kusa da hanya, yara za su jefe ta.

Usaini ya same shi a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe shi, ya roƙe shi ya sauke. Nababa ya ce zuma bai yi ba. Usaini ya ce to yaushe zai yi, ya ce sai ya yi. Mai injin, wanda baƙo ne, ya ce shi bai ga alamar ko ƙuda ɗaya ba, wannan fanko ce aka rataya.

"To hau ka leƙa, ɗana," in ji Nababa. "In fanko ce na ba ka ita ka yi filo."

Bai hau ba. Usaini ya dawo gida ransa a ɓace, ya tsaya kan yayansa ya ce, "Yaya, kai ka ba shi izini?" Maigidana ya ce wataƙila ya taɓa ce masa wani abu da daɗewa, bai riƙe ba, a bar shi ya huta. Aka kai magana gaban mai unguwa. Mai unguwa ya ce shi bai gaji sare itace da amya a kai ba, ba kuma zai fara ba, sai dai a ci gaba da roƙon Nababa. Aka roƙe shi. Liman ya yi masa magana. Ni na aika Yaya Kulu ta gaya masa rai ne a kwance. Ta dawo ta ce ya ce a gaya mini zuma bai yi ba.

Kwana kaɗan bayan haka ya aiko da galan cike da zuma na amyoyinsa na wasu itatuwan, ya ce a sayar a kasuwar Tsanyawa a ƙara. An sayar, ya kai mu asibiti sau ɗaya. Ban aika da godiya ba. Na rasa gane mutumin da zai ba ka da hannun dama ya danne maka wuya da na hagu. Mai injin ya gaji da jira ya tafi wani ƙauye. Da zafi ya fara shigowa maigidana ya cika.

Ina cikin takaba ɗorawa ta nuna. Wata safiya na ji sallamarsa a zaure, ban amsa ba, sai Yaya Kulu ta fita. Ya kaɗo ta duka, ya ɗauro a amalanke har ƙofar gida. Ya zube, ya ware kasonsa daidai yadda aka saba, bai yafe mana ko ƙwaya daga ciki ba, ya tafi. Na ce wa Yaya Kulu ki ga mutum, ko marayu bai tausaya wa ba. Ta ce ita ma ba ta gane ba, amma in tashi mu fara ɓare, kuka ba ya raba kalwa da gari. A ɗakin takaba ta koya mini daddawa tun daga dafa kalwa da surfe ta har rufe ta ta ruɓa, da kirɓawa. Da can saya nake yi. Garin muka dama wa yara, ɓawon ma masu daɓe suka saya.

Da na fita takaba damina ta yi nisa. Na yafa mayafi na tafi har gidansa, abin da ban taɓa yi ba. Na same shi yana gyaran igiya. Na gaishe shi a tsaye, na ce, "Baba, tambaya ɗaya ta kawo ni. Akwai ƙuda a amyar nan ranar da aka zo sara?"

Ya ce, "Ranar babu. Daga baya suka shiga."

Na ce to me muka yi masa. Ya ajiye igiyar ya ce in zauna, na ƙi.

"Dabo ne ya aika aka kira ni, ranar da kika tafi gidan suna," in ji shi. "Ya ce likita ya gaya masa gaskiya, ɗorawar ba za ta saya masa komai ba sai 'yan makonni. Ya ce ba zai iya kallon idonki da na Usaini ya ce kada a sayar ba. Ya ce in rataya mata amya, kuma ko shi da kansa ya aiko in sauke, kada in sauke."

Na ce 'yan makonnin nan fa, nawa ne, ba na kowa ba, wa ya tambaye ni? Ya ce ba wanda ya tambaye ki, Hure, wannan gaskiya ne. Na jira ya ba ni haƙuri ko ya kare kansa, bai yi ko ɗaya ba. Na dawo gida ta hanyar gonar ban sani ba, sai ga ni a gindinta, ƙuda suna ta shige da fice a sama.

Har yau ban gama warware abin nan ba. Wata rana in ji haushin maigidana da ya yanke shawara shi kaɗai ya bar ni ina zagin bawan Allah. Wata rana in ce da an sare ta da na ƙara ganinsa yana shan kunu a tsakar gida, ko na sati biyu ne, kuma wa ya san abin da Allah zai yi a cikin sati biyu. Wata rana kuma in dubi yaran suna cin tuwo in rasa wanda zan ba laifi. Na tambayi wani malami ko abin da Nababa ya yi ƙarya ce. Ya ce me ya faɗa? Na ce cewa ya yi zuma bai yi ba. Malamin ya ce to ai bai yi ba. Na fito ban ƙaru da komai ba. Usaini da ya ji labarin, bayan kwana biyu ya je ya gai da Nababa. Bai gaya mini abin da suka ce ba.

Abin da na sani shi ne wanda na gani. Shekarun da suka biyo baya sun fi na farko tsanani. Gidajen da suka sayar da itatuwansu sun ci kuɗin kafin damina ta tsaya, yanzu matansu wurina suke zuwa neman kalwa. Ni ɗorawar nan ce ta riƙe ni. Daddawata tana zuwa kasuwar Tsanyawa, har wata mai abinci a unguwar Bacirawa ta Kano tana aikowa a kai mata. Da ita nake sayen hatsi in namu ya ƙare, da ita na mayar da yara makaranta. Kowace shekara kuma ga kwanon zuma, kason mai itace, ana ajiye mini a zaure.

Baba Nababa, kai ne ka yarda ƙauye guda ya ɗauke ka marar imani don ka riƙe amanar mutumin da ba zai tashi ya wanke ka ba. Kai ne liman ya yi wa magana ka sunkuyar da kai, na ƙi amsa sallamarka ka dawo washegari ka sake yi. Gwanin sama, uban itatuwa. Ban san yadda ka kwana da abin nan a ranka ba ranar da aka ɗauki gawar maigidana, kana cikin masu ɗauka. Ban taɓa tambayarka ba, ba na jin zan iya. Amma tunda yanzu ka sauko ke nan, ba na so ka zauna a zaure kana zaton har yau ina riƙe da kai. Na gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya, ya sa ƙarshenka ya yi kyau. Na faɗa da zuciya ɗaya, ko da ban gama ganewa ba.

Ku kuma masu itace a gona, ba zan ce muku kada ku sayar ba, don na san ranar da take sa mutum ya ce a sayar. Roƙona kawai ku zauna ku yi magana da juna tukuna, da mai ciwon da mai jinyar, kada wani ya ɗauka shi kaɗai. Samarin ƙauyen nan, Nababa yana nan da ransa, hannunsa yana saƙa, bakinsa yana magana. Ku je ku zauna kusa da shi ku koyi ɗaurin igiya da turara amya, ku koyi gane ɗorawar da ta nuna, tun ana iya tambayarsa. Tamu ta fara fure, ta yi ja har ana hangowa daga hanya, kuma bana ban san wanda zai hau ba.