Ƙofar da Gwadabe Ya Tsuke

Hadari ya wuni yana haɗuwa ta gabas amma ko ɗigo bai sauka ba, sai zufa mai manne wa mutum riga a baya. A ranar ce, ƙarshen daminar 1965, Alhaji Maiwada mai sayen gyaɗa ya aika a kira masa Gwadabe magini.

Gwadabe mutumin Kademi ne, marar yawan magana. Rabin sorayen garin hannunsa ne, kuma in ya ce a fito gayya, ana fitowa.

Alhaji ya shimfiɗa masa wata tsohuwar kalanda mai hoton ginin jan bulo. Ya ce, "Makarantar sadaka ce a wani birni na Ingila, wani attajiri ya gina wa 'ya'yan talakawa. Irinta nake so. Kwano da siminti nawa, ƙarfi na jama'a. Amma ka buɗa ƙofar sosai, tagogi ƙanana can sama."

"Alhaji, yaran nan a kan jaki za su riƙa shiga?"

Alhaji ya yi dariya.

Gwadabe ya ari kalandar ya kai wa Malam Abdulsalam, malamin yaƙi da jahilci, ya karanta masa rubutun ƙasan hoton. Malam ya bi da yatsa a hankali: an yi shekara ɗari da wani abu ana karatu a ginin, yanzu kuwa ya koma ɗakin ajiyar kaya.

"To," in ji Gwadabe.

Abin ya tsaya masa a rai. Da bakinsa zai tara mutane su kwaɓa ƙasa su buga tubali don Allah. In aka wayi gari buhunan gyaɗa ne a ciki, ba Alhaji za a nuna ba, shi za a nuna, kuma ba mai sake amsa kiransa.

Matarsa Hajo ta ce, "Mutum ya ce don Allah, kai kana leƙa zuciyarsa?"

"Ban leƙa zuciyarsa ba. Ƙofarsa na auna."

Da rani aka yi ginin, Alhaji yana Kano. Gwadabe ya tsuke ƙofar daidai mutum ɗaya, ya yi mata matakala uku, ya huda manyan tagogi ƙasa-ƙasa, yadda ba mai hankalin da zai ajiye dukiya a wurin.

Alhaji ya dawo ya daɗe yana kallo. "Gwadabe, wannan ƙofa ko ni sai na karkata."

"Ai ba kai za ka yi karatun ba, Alhaji."

Bayan kwana uku kwano ya iso. Alhaji bai sake ba shi aiki ba, bai kuma taɓa tada maganar ba. Har Gwadabe ya rasu bai san ko ya tare wani abu ne ko ya ɗauki alhakin bawan Allah ba. Duk kaka dai sai ya bi ta wurin ya leƙa taga yana shinshina, bai taɓa jin ƙanshin gyaɗa ba.

Shekara goma yara suna karatu a ciki, har gwamnati ta buɗe firamare a 1976 suka koma can. Ginin yana nan bayan kasuwa, matan aure suna ɗaukar darasi a ciki da la'asar, kuma ba a faɗaɗa ƙofar ba.