Tasar Ya Aisa

Da aka ce mini tasa ce ke kashe ragunan Ya Aisa, ban yarda ba. A lakwal, makarantarmu ta Rabat, an koya mana cewa jan ƙarfe ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, yana ɗaukar zafi da wutar lantarki, har ƙwayoyin cuta mutuwa suke a kansa. Yaya kuma zai kashe rago?

Ya Aisa maƙwabciyarmu ce a Gure, turkar raguna take tun rasuwar mijinta. Bana uku ta sayo a kasuwar Gidigir, da niyyar ɗaya ya zama layyarta ta farko. Tana da wata babbar tasar jan ƙarfe da ta gada wurin uwarta. Awaki a roba suke sha, amma raguna sai a tasar gado, don girmamawa. Kullum a ciki take jiƙa musu dusa da ƙasari, ruwan nan mai tsami na wankin gero, ya kwana.

Ana saura ƙiris salla, na farko ya ƙi ci, fitsarinsa ya yi ja, ya faɗi. Na biyu ya bi shi. Ta ce baki ne. Lokotoron bisashe, wato likitan dabbobi, Tahiru, ya buɗe mushen ina tsaye: kitsen rawaya, ƙodar baƙa ƙirin. Ya kankaro koren da ke bakin tasar da farce.

"Ya Aisa, me kike zubawa nan?"

"Ƙasari mana. Kai da me tsohuwarka take kiwo, da shayi?"

Bai yi dariya ba. Ya ce tsami cin jan ƙarfe yake, kuma hantar tunkiya tara shi take wata da watanni, sai rana ɗaya ya fashe cikin jini. Na tuna sau nawa ina yaba ƙyallin tasar nan.

Ta zauna a ƙasa daɓas. "Ni? Da hannuna?"

Na ukun yana tsaye a turke, idonsa ya soma rawaya. Tahiru ya ba shi magani, bai yi alkawarin zai warke ba. Rago mara lafiya kuwa ba a layya da shi.

Da la'asar na tarar tana ba shi ruwa a ƙwarya. Na ce, "Ya Aisa, ba za ki yanka shi ba tun bai faɗi ba?"

"A'a, ɗana. Layya dai ta wuce ni bana. Shi kuwa na cuce shi sau ɗaya, ya isa."