Na'urar da Ba Ta Taɓa Lalacewa Ba

Babu asibitin da ya rungumi zamani kamar nasu. Su suka fara samun na'urar hoton ciki a duk yankin, kuma har yau babu wanda ya kai su iya adana ta.

Da aka kawo ta, wani ma'aikacin jinya aka tura kwas na wata shida, saboda a cikinsu shi kaɗai ne bai taɓa musu da na gaba ba. Ya dawo da takardar shaida da littafi cike da zane. Sai dai asibitin yana da ƙa'ida wadda ba a rubuta ba: duk wanda abu ya lalace a hannunsa, shi ya lalata shi. An taɓa korar wata ungozoma a kan ma'aunin jini. Don haka Shugaban asibitin ya kulle ɗakin na'urar, ya jefa makulli a aljihun rigarsa, ya ce a jira a tsara yadda za a yi amfani da ita. Aka kafa kwamiti.

Duk Litinin ana buɗe masa ɗakin ya goge ƙura. Abokan aiki suka laƙaba masa Likitan Tsumma. Suna kiran na'urar amaryarsa, suna tambayarsa ya amarya, ko ta fara laulayi? Yakan yi dariya, don ya san wanda ya ja da mai makulli a ƙauye yake ƙare aiki. Idan manyan baƙi suka zo, ya yaye ledar da aka lulluɓe na'urar da ita, ya tsaya gefe da farar riga, ya yi bayanin kowane maɓalli. Baƙi su jinjina kai, a ɗauki hoto, a mayar da leda.

A shekara ta bakwai 'yarsa ta zo da cikin wata takwas, tana zubar da jini kaɗan-kaɗan. Ta ce, "Baba, ba kai ne mai na'urar ba?"

Ya hau bene, ya rusuna. Shugaba ya saurare shi da tausayi sosai, har ya ba shi kujera.

"Ranka ya daɗe, minti goma kawai."

"Malam, in na buɗe wa 'yarka, gobe kowa ma yana da 'ya. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis."

Aka rubuta mata takardar zuwa babban asibiti, tafiyar awa uku a motar haya. Ita ta rayu. Jikan, shi ya naɗe shi a zani da hannunsa. Shugaba ya zo gaisuwa da kansa, ya ce kwana ne ya ƙare, kowa ya yaba da kirkinsa.

Litinin ya koma ya goge ƙura. Da ya zo yin ritaya aka ba shi lambar yabo, don a duk na'urorin da aka raba a wancan karon, tasu ce kaɗai ba ta taɓa lalacewa ba. Yaron da ya gaje shi ya zagaya bayanta zai jona ta. Ɗakin babu soket.