Hannun da Ake Gwada Albarushi

Jikokina suna son su ga na sauke tukunya daga murhu da hannun hagu, babu tsumma. Su yi ta tsalle, wai kakarsu tana da maganin wuta. Ba ni da maganin komai. Na dai gaji da magana ne, shi ya sa nake barin su da abinsu.

Mijina maharbi ne. A wani ƙauye a ƙasar Tabanni muka zauna, gonarmu ce ta ƙarshe kafin daji. Duk abin da yunwa ta koro daga dajin Birnin Gwari, mu yake fara gaisarwa, birai su karya masara, gadu ya tone rogo. Bindigarsa ta toka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Harbi ɗaya gare ta. In ya tashi, mun tsira da abinci. In bai tashi ba, mutum yana tsaye gaban dabba riƙe da sanda.

Da farko ba mu san wata wahala ba. Akwai wani tsoho Bagwari a wajen Kusasu da yake haɗa albarushi, kuma na bana da na bara duk ɗaya ne. Itace ɗaya yake ƙonawa ya yi gawayinsa, ba ya kuma taɓa aikin sai da rani. Maigida ya san awonsa da ka, ya zuba, ya danna, ya tafi. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba tsohon ya rasu, 'ya'yansa kuwa sun riga sun tafi Kaduna neman aiki. Da yaƙin basasa ya zo, albarushin kanti ma ya ɓace. Sai na 'yan kasuwa, wanda ake zarowa daga ƙarƙashin tabarma ana waige-waige.

Shi wannan ba ya da hali ɗaya. Na yau ya fi ƙarfin bindiga, na gobe rabinsa garin gawayi ne. Wani maƙwabcinmu ya zuba awon da ya saba da wani mai zafi, bindigar ta tsage ta tafi da yatsunsa. Saboda haka duk sabon saye sai an gwada. Ko tsohon albarushin da ke cikin gora, in damina ta ratsa shi, sai an sake.

Gwajin ba wuya. A zuba ɗan kaɗan a tafin hannu, a dangwala masa garwashi. Mai kyau tashi yake fau, ya bar ɗumi kawai. Marar kyau zama yake yana tsaki, yana cin fata. Matsalar ita ce hannun maigida ya yi kanta, fartanya ta gama da shi, ba ya bambance ɗumi da ƙuna. Ran nan ya dube ni ina tankaɗe, ya ce, "Uwar yara, ara mini hannunki, sau ɗaya dai."

Sau ɗayan nan ya kai ni shekaru. Na zama gwana kuwa, ba yabon kai ba. In ce masa wannan da zafi, rage awo. Wannan ya sha sanyi, shanya shi. Wannan kuwa mayar wa mai shi, ka ce matarka tana gaishe shi. Bai taɓa musa mini ba. Da maganata yake shiga daji, ni kuma in koma kan turmi da hannu yana raɗaɗi. Ban taɓa jin ya tambayi hannun ba, albarushin yake tambaya. Na ji haushin wannan ƙwarai, amma haushi ma yana son mai hutu.

Wata shekara gab da kaka, wata gadu mai 'ya'ya ta sa gonarmu gaba. Rogon nan shi muke sa ran zai kai mu rani. Maigida ya sayo sabon albarushi. Da hantsi ya zo, ina daka, ga goyo a baya, ga ciwon kai. Na miƙa masa hannu ban ko juyo ba. Na ji ƙaurin hayaƙi, ya ce, "Yaya?" Na ce, "Lafiya lau, zuba awonka." Har ga Allah abin da na ji ke nan.

Sai a rafi, ina wanki, maƙwabciyata ta kama wuyan hannuna. Ta ce, "Maman yara, me ya ƙone ki haka?" Na duba. Bororo ne ya tashi a tsakiyar tafin, gefensa baƙi. Na danna shi da farce, kamar na danna hannun wani. Nan na gane. Albarushin ya zauna ya ci fata son ransa, hannun ne bai gaya mini ba.

Na bar wankin na ruga bakin gona. Na yi ta kira har murya ta dushe. Daji dai ba shi da ƙofa, ban san ta ina zan bi ba. Na zauna a kan kunyar gona ina kallon hannuna.

Da la'asar wasu Fulani makiyaya suka kawo shi a kan sa. Ƙafarsa ta dama a yage daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya ce ya saita, ya ja kunama, bindigar ta tsaya tana tsaki, kafin ta tashi gadun ta iso. Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ne kawai, irin kallon mai jiran bayani.

Da wanzami ya gama ɗaure ƙafar, mutane suka watse, na durƙusa na buɗe masa tafin. Ya sa babban yatsa ya danna bororon. Ya ce, "Kin ji?" Na ce a'a. Ya ƙara dannawa har ya fashe, ruwan ya gangaro. Ya ce, "Yanzu fa?" Na girgiza kai.

Ya daɗe riƙe da hannun yana juya shi, yana duba tabon da ke kan tabo. Tun da muka fara wannan aiki, ranar ce ya fara kallonsa. Ya ce, "Na cinye miki hannu, uwar yara." Na so in yi kuka, na so in yi masa faɗa, amma babu ruwa a randa, ga yara ba su ci ba. Na zare hannuna na ɗauki tulu.

Gadun ta gama da rogon a hankali, ba mai hana ta. Maigida ya tashi da ɗingishi, bindigar ta tsaya a bayan ƙofa har tsatsa ta cinye ta. Da bororon ya warke ma, sai da ido na sani.

Jiya ƙaramar jikata ta miƙa hannu za ta gwada sauke tukunya irin nawa. Na buge hannun da ƙarfi, ta tafi tana kuka, tana cewa ya yi mata zafi. Na ce alhamdu lillahi.